Maganin da ba a sayarwa a kemis

Jama'a, yau ni da Baba mun sha yawon neman maganin da babu shi.

Da safe ya faɗi a gona yana huɗa da hannu, don tun bara tsadar taki ta sa aka sayar da shanun. Na goya shi a babur sai asibiti a Gezawa. Likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau sosai. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce, "Baba, amma babban maganinka rilaks ne."

Ni ma ban san kalmar ba. Kemis biyu muka shiga, suka ce ba su da shi. A na uku Baba ya ce ko na kwana biyu ne a taimaka masa. Mai kemis ya fashe da dariya. Wani malamin makaranta da ke zaune a benci ya ce, "Baba, Turanci ne, hutu yake nufi. Asalin kalmar daga Latin take, wato a sassauta abin da aka ɗaure tam."

Baba ya dube shi. "Hutu a tsakiyar damina? Malam, bakuna goma sha ɗaya ke jiran geron nan. Likitan ne zai nome mini?"

Na ja hannunsa muka hau babur.

Muna dawowa na ɓoye garmar a ɗakin Inna, na shimfiɗa masa tabarma. Da la'asar na leƙa, tabarma babu kowa. Can na same shi a gona, a durƙushe, yana cire ciyawa da hannu.