Rigar Sanyin Kafinta

Yayata tana da wata takarda da take maƙalawa da fil a cikin murfin keken ɗinkinta. Duk ƙarshen shekara sai ta ciro ta, ta zauna a bakin gado, ta sa tabarau, ta karanta abubuwan da ta ci alwashin ɗinkawa da saƙawa a shekarar. Wanda ta gama ta ja masa layi, wanda ba ta gama ba ta mayar da shi sabuwar takarda. Ni ce 'yar sauraro. Ba wai na iya komai ba ne, ni da ko maɓalli na ɗinka sai ya faɗi kafin a kai bakin ƙofa. Tun muna yara dai ni take kira idan tana neman mai ce mata sannu da aiki.

Yaya tela ce ta cikin gida, ɗakinta shi ne shagonta. Keke a gindin taga, kwandon ƙyallaye a ƙarƙashinsa, gwangwanin biskit cike da maɓallai, ulu kala-kala a cikin tsohuwar akwati. Da safe ɗinki, da yamma saƙa. Mace ce da ba ta yafe wa aikinta kuskure. Na sha ganin ta warware hular jariri da ta kusa gamawa saboda layi ɗaya ya ɗan saki, abin da ko uwar jaririn ba za ta gani ba. In aka ce mata wa zai lura, sai ta ce ai ita ta lura. Kuma idan saƙa za ta yi, ba ruwanta da tef ɗin awo. Zare take zagaya wa mutum a ƙirji, ta ƙulla shi a inda ya haɗu, ta rataye a ƙusa. Kusan kowa a danginmu yana da zarensa a jikin bangon nan.

Mijinta kafinta ne, haka ma take kiransa, Kafinta, shi kuma ya ce mata Gwana. Ni kuwa Auta yake ce min har na fara furfura. Ƙaton mutum ne mai faɗin kafaɗa, in ya tsaya a ƙofa sai ɗakin ya yi duhu. Idonsa ma'auni ne, zai dubi katako daga nesa ya faɗi tsawonsa, a sa tef a samu haka ɗin. Aikinsa ɗaya ne a ɗakin Yaya. Idan ta sayo ulu, sai ya zauna a kujera ya miƙa hannuwansa biyu, ta sarƙafa zaren a kansu tana naɗe shi dunƙule-dunƙule, shi kuma yana zuba mata labarin masu kawo gyaran gado.

Shekara talatin da ɗaya suna tare, layin ƙarshe na takardar nan bai taɓa canjawa ba: rigar sanyin Kafinta. Duk shekara sai an tsallake da ita zuwa sabuwar takarda. In muna karatun, sai ya leƙo.

"Gwana, an zo kaina?"

"Kai ne na ƙarshe."

"To, Allah Ya kai mu baɗi. Auta, ki zama shaida, duk unguwar nan ni kaɗai ke rawar sanyi alhali ina auren mai saƙa."

"Ulun mutum uku kake ci," in ji Yaya. "Kuma ka fara gyara min ƙafar teburin nan tukuna. Shekara goma takarda nake naɗewa ina cusawa a ƙarƙashinta, wai ina auren kafinta."

Bara dai ta gaji da gori. Ta ɗauki biro ta sa shi a layin farko, sannan labulen falo, kayan makarantar jikoki, zanen gado mai ado, da hula da safa na jaririn maƙwabciya. Ta sayo ulu ruwan toka, mai kauri. Ina wurin ta zagaya masa zare, yana buɗa ƙirji kamar ɗan kokawa, tana ce masa ya saki numfashi kada ya cuce ta. Ta yi ƙullin, ta rataye zaren a sabuwar ƙusa da shi da kansa ya kafa.

Ta gama bayan rigar da gabanta ke nan Kafinta ya fara ture kwano. Mutumin da ake ƙara wa abinci sau biyu ya koma cokali uku ya ce ya ƙoshi. Zarto ya fara yi masa nauyi. Aka je asibiti, aka yi gwaje-gwaje, likita ya ja Yaya gefe ya gaya mata ciwo ne a ciki, kuma ya wuce inda za a yi masa aiki. Ta gaya min a bakin famfo, tana wanke kofi ɗaya fiye da minti biyar. Shi kuwa ce masa ta yi an ce gajiya ce, ya huta. Ta kuma gargaɗe ni da na iya bakina, don ta san halina.

Bayan wata biyu sai ta ce masa wai ta manta awon, ya tsaya ta sake. Yaya da ba ta manta yawan layin safar da ta saƙa shekara biyar baya! Sabon ƙullin ya zauna yatsa huɗu kafin na farko. Washegari na zo na tarar ta warware komai, aikin wata uku ya koma tarin zare mai lanƙwasa a cinyarta. Raina ya ɓaci, na ce mata wannan ai ɓarna ce. Ko kallona ba ta yi ba, ta ɗauki tsinkayenta ta fara daga ƙasa.

A lokacin ne ta fara wani aikin da babu shi a takarda. Idan ya yi barcin rana, sai ta ɗauko rigunansa ɗaya bayan ɗaya ta rage musu faɗi. Da hannu take yi, da ƙaramar allura, don ƙarar keke za ta tashe shi. Ta goge rigar, ta mayar da ita inda take a cikin sif. Dabararta ita ce, muddin rigunan suna zama masa daidai, ba zai san yadda yake zubewa ba.

Wata rana ta tafi karɓo magani, ta bar ni da shi. Yana zaune a kujerar ƙofar ɗaki, ya yafito ni, ya juya gefen rigarsa ya nuna min ɗinkin ciki.

"Auta, dubi nan. Yatsa biyu ta kowane gefe. Wancan watan ɗaya ne."

Na fara kame-kame, wai wanki ne ke sa yadi ya tsuke.

Ya yi dariya har da tari. "Ni za a yi wa wayo da awo? Tun rigar farko na gani. Abin da likita ya gaya mata ma a fuskarta na karanta. Amma ki rufa min asiri, kada ki faɗa mata. Abin da ya rage take iya yi min ke nan, bar ta ta yi."

Ya riƙe hannuna, na yi masa alkawari. Na tashi na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska kafin ta dawo. Haka na zama mai riƙon asiri biyu a gida ɗaya, ni da aka sani da sakin baki.

Da sanyi ya shigo, ƙulli ya zama uku. Rigar ta biyu saura wuya kawai a gama ta, amma ta riga ta yi masa yawa. Yana zaune lulluɓe da bargo, haƙoransa na haɗuwa, ya dubi kwandon saƙa.

"Gwana, ba ni ita haka nan mana."

"Ba ta yi daidai ba."

"Sanyi bai san daidai ba. Ni dai in ji ta a jikina."

"Masu dubiya su zo su gan ka cikin buhu, su ce wa ya saƙa? Ka ba ni sati biyu."

Ya yi murmushi ya ce, "To, Allah Ya kai mu."

Na bi ta kicin zuciyata na tafasa. Na ce mata wannan wane irin taurin kai ne, mutum na rawar sanyi kina zancen masu dubiya? Ta rufe ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"Ke ba ki da hankali. Yana gani na auna shi. In ya sa ta ta yi masa yawa, me zan ce masa? Rigunan ina ragewa a ɓoye, saƙa kuwa ba ta raguwa sai an warware."

Maganar ta zo min har bakin leɓe. Kalma huɗu ce kawai, ya riga ya sani. Amma na tuna yadda ya riƙe hannuna ranar nan, sai na haɗiye. Na fita ina jin tana jan zaren.

Ƙulli na huɗu a gadon asibiti ta yi shi, ta ce masa wai tana duba tsawon zaren ne. Ya ɗaga mata hannuwa ta zagaya. Ulun ya gaji da warwara, duk ya yi gashi-gashi, amma haka ta dinga saƙawa a kujerar roba, safe da yamma, ba ta ko duban masu shigowa. Ya ce ta kawo ya riƙe mata zare kamar da. Hannuwan suka kasa tsayuwa, sai ya ɗora su a gwiwa, ta naɗe a haka. Ta gama baya, ta gama gaba, ta gama wuya da hannun dama. Tana gwiwar hannun hagu, ranar wata Talata da hantsi, rai ya yi halinsa.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Yaya ta rufe kekenta da zane. Wata biyu ban ji ƙararsa ba. Na ɗauka bana ba za a yi karatun takarda ba, sai ga shi shekaranjiya ta aiko in zo.

Na same ta a bakin gado da tabarau. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, biro a hannu, babu layin da ta ja. Labule bai samu ba, jikoki a kasuwa aka sayo musu kayan makaranta, jaririn maƙwabciya har ya fara tafiya ba hula. Tunda take, ba ta taɓa yin shekarar da ta yi saƙa kamar wannan ba, kuma ba ta taɓa yin shekarar da ba ta gama komai ba sai ita.

"Abu ɗaya ne ya yi min daɗi," in ji ta. "Riga goma sha ɗaya na rage masa, bai taɓa ganewa ba. Ya tafi hankalinsa kwance."

Nan fa na kasa. Wanda na yi wa alkawari ba ya nan, ni kuma abin ya yi min nauyi. Na gaya mata duka, kujerar ƙofar ɗaki, da gefen rigar da ya juya, da abin da ya ce.

Can ta ce, "Yatsa nawa ya ce?"

"Biyu, ta kowane gefe."

"Haka ne kuwa. Biyu ne." Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Da ta lafa sai ta dube ni. Babu faɗa a muryarta, shi ya sa ma abin ya fi ci na.

"Auta, da kin faɗa min a kicin ɗin nan, da ya sa ta. Da ya yi wata biyu a cikinta."

Na yi ta juya maganar a raina tun ranar da aka fita da shi, har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Abin da na sani shi ne ya ji sanyi, kuma mu biyu ne muka bar shi ya ji.

Ta share ido, ta yagi sabuwar takarda, ta rubuta layi ɗaya tak, ta maƙala a murfin keke. Sannan ta miƙe ta ciro zarensa daga ƙusa. Ta bi ƙullayen da babban yatsa, na huɗu, na uku, na biyu, ta tsaya a kan na farko, na lokacin da yake cika ƙofa.

"Da wannan zan saƙa ta bana," in ji ta. "Wannan ne awonsa."

"Yaya, wa zai sa?"

Ta ɗauko 'yar rigar mai hannu ɗaya da rabi daga kwando, ta zare tsinken, ta kamo bakin zaren. Ta jawo min kujerar da yake zama.

"Zauna," ta ce. "Miƙo hannuwanki."