Lambun da Ɗan Farina Ya Shuka a Cikin Ruwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban faɗe shi yana raye ba. Mutanen unguwarmu ta Birni, Maigilashi suke ce masa, saboda yankan gilashin tagogi ne sana'arsa. Ranar da ya kafa akwatin gilashin nan na kiwon kifi a rumfar tsakar gida, ga waɗanda ke wurin: matarsa Hadiza mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, wadda ita ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, ƙanena Malam Habu, ƙanwata Barira da ta zo ganin gida daga Tirmini, sai ni, a ƙofar ɗakina ina tsince wake kamar ba na kallo.

Ina kallo kuwa. Uwa ba ta zama kusa da ɗan fari, ba ta yaba masa a gaban mutane, haka muka tarar kuma ban ga aibinsa ba. Amma ba a taɓa hana ta ido ba.

Da ragowar gilashin shagonsa ya haɗa akwatin, ya liƙe kusurwoyinsa da gam, ya bar shi kwana da kwanaki har warin ya fita. Ya je wani tabki wajen Gouna ya ɗebo baƙar ƙasa da ciyayin ruwa a bokiti. Ƙasar ya fara shimfiɗawa, ya rufe ta da yashin da ya wanke har ruwan wankin ya fito garau. Duwatsun ma sai da ya tafasa su a tukunyar Hadiza, ita kuwa tana ta mita. Sannan ya dasa ciyayin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, dogaye a baya, gajeru a gaba, kamar mai dashen albasa. Da zai zuba ruwa, faranti ya ajiye a kan yashin, ya riƙa tsiyayawa a hankali da moɗa don kada ƙasar ta tashi.

Malam Habu ya kasa haƙuri. Ya ce, "Kai ɗan nan, a Damagaram, inda mata ke yini a bakin famfo, za ka zuba wa ciyawa ruwa a gilashi?"

Ya ce, "Kawu, ai baƙuwa ce. Baƙo kuwa ruwa ake fara ba shi."

Barira ta leƙa ta ce, "To ina kifin?"

Ɗana ya ce, "Sai gida ya zauna ake kawo amarya."

Wajen wata guda akwatin nan babu kifi ko ɗaya. Maƙwabta suna shigowa su yi dariya su fita, wai Maigilashi ya yi gonar da ba a girbi. Ruwan ya yi duhu, ya dawo ya washe. Wasu ganyen suka ruɓe, sabbi suka tsiro. Shi ko a jikinsa. Sai da ya ga ciyayin sun kama ƙasa sannan ya sa aka zo masa da ƙananan kifaye daga Kano, 'yan kaɗan, ba wanda ya kai ɗan yatsa. A nan na san yaron nan haƙurin mahaifinsa ya ɗauko, ba zafina ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, aka ce. Ni da idona na ga an dafa.

Kuma bai taɓa ɓarnar ruwa ba, wannan ita ce shaidar da zan ba shi. Ran Juma'a yakan sa tiyo ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku, daga ƙasa inda datti ke kwanciya, ya kai wa zogalen bayan ɗaki. Abin da zai mayar kuwa sai ruwan da ya kwana a buɗe, wai maganin da ake sa wa ruwan famfo ya fice tukun. Ba ya juye ruwan duka, ba ya barin sabulu ya kusanci wurin. In an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, hankalinsa ba ya tashi, yakan ce ciyayin ne hancin kifin, su ke ba su iska. Abinci kuwa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Na sha jin yana gaya wa Hadiza, "Yunwa ba ta kashe su, ƙoshi ke kashe su."

Yau in na dubi samarin unguwa sai in ce, ko me zai ce da ya gan su? Sun gani a waya, suna so. Su sayo akwati da safe, su cika shi da ruwan famfo da ciyawar roba, su zuba kifi kafin azahar, jibi su kwashe gawa su ce maye ne ya kalla. Na san ba zai yi musu faɗa ba, faɗa nawa ne. Zai yanko musu reshe ya ce su je su dasa, su dawo in ya yi saiwa. Masu jin magana a cikinsu haka Hadiza take yi musu yanzu, kuma gidaje da dama a Birni da Zango ciyawarsa ce ke cikin ruwansu. Kainuwa dashen Allah, in ji mutane. Wannan kam Allah ya dasa ta ne ta hannun ɗana.

Saura ƙiris da babu ko reshe ɗaya.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ranar sadakar uku gida ya cika da mata, aka daka gumba ana rabawa. Barira, da zuciya ɗaya, ta gutsuri gumba ta jefa wa kifin, ta ce, "Ku ma ku ci sadakar ubangidanku, Allah ya kai masa ladan." Shi ke nan ta buɗe hanya. Duk matar da ta wuce sai ta jefa nata ta yi addu'a. Wa zai hana mai sadaka a gidan makoki? Hadiza tana ɗaki cikin takaba, ba ta sani ba. Ni kuma ina zaune ana yi mini gaisuwa, uwar ɗan fari, ba kuka ba motsi.

Kafin magariba ruwan ya koma fari kamar ƙasari. Ruwa ba ya tsami banza. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki, wasu har sun juya ciki. Ga famfo ya kwana biyu bai kawo ba, ruwan bido, jarkokin da 'yan ga-ruwa suka kawo, duk ya tafi a girki da alwalar baƙi.

Malam Habu ya same ni ya ce, "Yaya, mai abu ya tafi. Gobe in sa a zubar, a wanke gilashin da omo a ajiye."

Na ce, "Kada wanda ya taɓa."

Ya ce, "To wa ya iya?"

Na juya na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Mutum ya bar gida, magada su raba. Ya bar shago, wani ya shiga. Abin da ɗana ya bari ba ya rabuwa: yadda ake yi wa abu mai rai sannu, a ba shi daidai ƙima, a jira shi. Ban taɓa ce masa ya yi kyau ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya tarar da lambun da ya fi nasa, wanda ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsa.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ɗauko tiyonsa daga inda yake rataye shi. Na tsame kifayen da suka mutu. Na sa baki na zuƙa, ruwan gumba mai tsami ya cika mini baki, na tofar, na bi ƙasan akwatin ina kwashe abin da ya kwanta har ruwan ya sauka kashi ɗaya cikin uku. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na kai wa zogale. Sannan na buɗe randar ɗakina, ruwan shana da ya kwana uku, na ajiye faranti, na riƙa tsiyayawa da moɗa har randar ta ƙare.

Sai na ji Hadiza a bayana. Ta ce, "Inna, wa ya koya miki?"

Na ce, "Ina da ido."

Na jawo kujerarsa, wadda ban taɓa zama a kai ba, na zauna a gaban gilashin ina jiran ruwan ya washe.