Jika da Idon Rijiyarmu

A da, kullum da hantsi Jika yakan shimfiɗa igiyarsa a ƙofar gida, ya bi ta kamu-kamu yana neman inda ta ci. Shekara talatin yana yasar rijiyoyin ƙasar Buza, yana tsamo guga da akuya. Bana ya ajiye igiya, gwiwa ta ƙi. Ni kam ba zan yi shiru ba, don da idona na ga abin da ya yi a ƙauyenmu, gabas da Babankatami, bazarar bara.

Rijiyarmu guda ce tak, ruwanta ya koma taɓo. Mutanen furoje, wato ƙungiyar da ke aikin rijiyoyi, suka ce ta mutu, za su rufe ta da siminti. Ke nan matanmu su koma tafiyar rabin yini da tulu. Jika ya rantse idon ruwan na nan da rai, dutse ne ya danne shi.

Injiniyansu Kaleb ya zo da kamarar bidiyo cikin akwatin roba mai gilashi, wanda ruwa ba ya shiga.

"Baba, manyana ba su yarda da baki. In hoto bai nuna ba, gobe za a rufe."

Aka zura fitila, ta dawo da wutarta, alamar akwai iska a ƙasa. Jika ya sauka da akwatin, ya nutsa, ya fito. Aka kunna: laka zalla! Kaleb ya fara tattara kayansa.

"Tsaya, ɗana, ba laihin abinka ba na." Jika ya juya ga matarsa. "Saude, mi yar rage cikin randa?"

"Na shan yara ɗai, Malam."

"Kawo shi."

Ya cika farar leda da ruwan nan garau, ya ɗaure ta a fuskar gilashin, don in ya manna ta ga dutse kamara ta gani ta cikinsa. Ya sake sauka. Ƙa'idarsa, sai ya ja igiya sau biyu a ɗago shi.

Igiya shiru. Ƙanensa Muhammadu ya yi ihu, "Ku jawo shi!"

"Kada wanda ya taɓa!" in ji Saude. "In kansa na ƙarƙashin dutse kunka fizga, kun kashe mini shi."

Muka tsaya ana ta salati. Can igiya ta motsa, sau biyu.

Ya fito jini na bin kunnensa. Aka kunna, sai ga yashi na rawa a gindin dutse, ruwa na ɓulɓulowa. Kaleb ya cire hula. Sati bai cika ba aka ɗaga dutsen.

Jika, kai ne na Saude, mai ganin ƙasan ruwa. Mun gode, Allah ya saka maka. Samarinmu, igiyar nan na rataye, ku je ku koya tun yana iya nuna muku.

Duk wanda ya sha ruwanmu kuwa, ya biya ya gaishe shi. Amma ku tsaya ta damansa, ku ɗaga murya. Kunnen hagun yana can cikin rijiya.