Tagar Ɗakin Inna

Tun da aka cire tagar katako aka sa ta alminiyam a ɗakin Inna a Gafasa, ban ƙara jin daɗin damina ba. Magini ya bar 'yar kafa tsakanin tagar da bango, ga ta kuma tana kallon gabas, inda hadari yake tasowa. Ko yaya aka yi ruwa sai ya gangaro har ƙarƙashin gadonta. Mun cusa tsumma, mun cusa leda, mun narka kwalta, duk a banza.

Da tarin Inna ya ƙi lafawa, yayana da ke Kano ya yanke magana: in ɗakin ya sake jiƙewa zai zo ya ɗauke ta. Ita kuwa a ɗakin ta haife mu duka, ba ta son barinsa. Ni ne na kusa, ina koyarwa a Gaya, saboda haka aikin ya faɗo kaina kamar kullum.

Na sayo silikon, farin danƙon nan da ake matsowa da wata 'yar bindiga, na hau babur ranar Asabar. Mu da muka tashi cikin yaɓe abu ɗaya muka sani: kafin ka ɗora sabuwar ƙasa sai ka yayyafa wa bango ruwa, in ba haka ba ba za ta kama ba. Na ɗauki buta na jiƙa gefen tagar sharkaf, na bi kan tsohuwar kwalta na lafta, har ina cika wa Inna baki. Bayanin da ke jikin robar ban ko kalla ba, wai ni malamin makaranta.

Ruwan farko ya zare silikon ɗin kamar igiya. Na iske katifa a rana, Inna a bakin ƙofa tana tari. Bayan kwana biyu yayana ya zo da mota ya tafi da ita Kano.

Wani mai haɗa tagogi a Ajingi ne ya faɗa mini cewa silikon ba ya shiri da danshi ko ƙura. Na koma a gajiye. Na kankare kwaltar da wuƙa, na goge, na bari ya bushe ƙarau, na ja siririn layi ɗaya na daidaita da yatsa. Aikin da bai kai awa biyu ba. Aka yi ruwa uku a jere, ko ɗigo bai shigo ba. Haushin kaina ya fi murnar yawa.

Na kira Inna a waya na ce ɗakinta ya gyaru, ko za ta dawo. Ta ce likita ya hana ta hawa mota yanzu, yayana kuma ya ce sai bayan kaka a gani. Ta yi tari, ta daɗe.

"Da gaske ba ya yoyo?"

"Ko kaɗan, Inna."

"To madalla. In an cire gyaɗa ku zuba a ciki, kada ɗakin ya zauna haka nan."