Ranar da Dutsen Baba Ya Kama da Wuta

Surukina, mahaifin maigidana, bai tara abin duniya ba, amma yana da wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannu wanda ko jikokinsa ba ya bari su taɓa. Kwal ne. Da ƙuruciyarsa, tun kafin yaƙi, ya yi shekaru yana tura tarago a ramin kwal na Inugu, kuma da wannan dutsen kaɗai ya iso Agege, a naɗe cikin wani tsohon ƙyalle.

Labarin ramin kuwa mun sha shi har mun ƙoshi. Fitila a goshi, ruwa na ɗigowa daga sama, katakon da aka tokare rufin da shi yana ƙara, mutum ya fito da yamma ba a ganin komai a fuskarsa sai ido da haƙora. Ni dai ina son labarin, ko da yake har inda zai tsaya ya yi tari na haddace. Wanda ya hana Baba sakat shi ne amininsa, wani tsoho ɗan Damagaram da ke gadin sito a Ilupeju.

"Malam, ka ji tsoron Allah," haka yake cewa kullum. "Dutse ya ci wuta? Mu ma akwai duwatsu a garinmu, murhu muke yi da su. In gaskiya ne, sa shi a wuta mu gani."

Nan yake ƙure Baba. In ya ƙona dutsen ya rasa shi, in bai ƙona ba ya zama mai shaci-faɗi a majalisa. Ana dariya shi ma yana yi, amma ni da nake kai masa abinci na san abin yana ci masa rai.

Bayan soja sun koma bariki, aka shiga wata wahalar kananzir da ta sa kowa ya ture risho ya jawo kurfoti. Wata Juma'a ruwa ya jiƙa mini gawayi, na baza shi a kan buhu a tsakar gida. Ashe Baba ya goge dutsensa da man gyaɗa kamar yadda ya saba, ya ajiye shi a gefen buhun ya sha rana, ya wuce masallaci. Hadari ya sake tasowa, na kwashe komai a gurguje, na cika kurfoti, na yi ta fifita har ya kama sosai, na ɗora wake.

Can sai ga wani hayaƙi mai kauri, da wari kamar ana zuba kwalta a titi. Mai gidan da muke haya, wata Bayarabiya mai faɗa, ta leƙo ta taga.

"Iyawo, kilode? Amarya, me ya faru? Taya kike dafa mana?"

Ina sauke tukunya in duba, sai ga Baba da amininsa sun shigo. Baba ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya buɗe hanci ya ja warin nan har cikin ƙirjinsa. Da na ga fuskarsa, na duba inda buhu yake, sai na gane na haɗa dutsensa da gawayin. Na wawuro buta zan kashe wutar.

"Baba, ka yafe mini, wallahi ban gani ba."

"Kul, 'yata! Kada ki zuba."

Ya kamo hannun rigar amininsa ya jawo shi har gaban kurfoti. "Zo ka ga murhun garinku."

Tsohon ya tsuguna, ya sa kara ya tona. Ga dutse nan a tsakiya ya yi jawur, harshen wuta na fita ta tsagarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hula ya sosa kai.

"Ikon Allah. Ashe da gaske ka shiga ramin nan, Malam."

Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba, har da buga ƙafa. Ya ce in mayar da tukunya. Gawayin duk ya zama toka, dutsen na nan yana ci, shi ya ƙarasa mana waken. Waken kuwa sai ƙaurin kwalta, amma tsofaffin nan biyu suka cinye tas har da suɗe kwano.

Da la'asar na tarar da Baba yana ninke ƙyallen, ba komai a ciki. Nan na fashe da kuka, don na san abin da na raba shi da shi.

"Share hawayenki," ya ce. "Don a ƙona shi muka haƙo shi. Ni na hana shi aikinsa duk shekarun nan."

Daga ranar amininsa ya karɓe labarin. A majalisa ya ce dutsen ya dafa wake, bayan wata guda ya ce rago ne, kafin shekara ta zagayo dutsen ya kwana uku yana ci. Ni kuma ina daga ciki ina jiyo muryar Baba, yana dariya yana tari:

"Malam, ka ji tsoron Allah."