Harsashin da Ya Makara

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a unguwar Al Qusais a ƙasar Larabawa ina aiki a wani kantin magani, kamfanin da mijina ke wa aiki ya kai ma'aikata da iyalansu wani kulob na koyon harbi da ke can gaba da Jebel Ali. Ni rakiya na je. Da aka ce mata ma su gwada, na kwanta na harba biyar, huɗu suka shiga baƙin da ke tsakiyar allo. Mijina kuwa da ya harba, ko takardar da ke jikin allon bai samu ba. Tun a mota na ce masa rajista zan yi.

Mai koyar da mu wani dattijo ne ɗan Sudan, tsohon soja, asalin kakanninsa Hausawa ne, yana jin Hausa irin ta mutanen da. Baba nake ce masa. Bindigar kulob ce, irin mai sakata, wadda duk harbi ɗaya sai ka ja ƙarfen da hannu ka fitar da kwanson harsashi ka tura sabon harsashi. Harsasan atisaye kuwa ragowar na soja ne, cikin gwangwanaye masu rubutun da ban iya karantawa ba. Baba ya ce wasunsu sun girme ni, kuma albarushinsu na barin gishiri a cikin bindiga, in ba a wanke ta a ranar ba tsatsa ta ci ta. Sai na ƙware a wanki kafin na ƙware a harbi.

Wata Asabar da safe na saita, na ja kunama, sai na ji ƙas. Shiru. Na ɗago kai, hannuna ya tafi kan sakata zan buɗe in ga abin da ya faru.

"Kada ki taɓa, 'yata," in ji Baba daga bayana. "Bar bakinta a gaba."

Bai rufe baki ba bindigar ta tashi. Gindinta ya doke ni a ƙashin wuya, ƙasa ta yi tsalle can gefen allo. Baba ya karɓe ta, ya fitar da kwanson yana juya shi. Ya ce tsohon harsashi wani lokaci yakan makara, kuma da na buɗe sakatar, a fuskata zai fashe. A ranar ya sa aka kwashe gwangwanayen duka aka mayar.

Ban ji ciwo sosai ba, amma da na koma mako na gaba sai harbina ya watse. Sababbin harsasai ne, duk da haka ko ina suke faɗawa ban da inda na nufa. Baba ya ce rufe ido nake yi ina ture kafaɗa kafin ƙarar ta zo. Na rantse masa ba na yi.

A gida mijina ya ga tabon da ke wuyana ya ce, "Khalas, ya isa haka, ki haƙura mana. Ke ba soja ba, ba mafarauciya ba."

Na ce, "In na bari yanzu, tsoro ne ya kore ni. Bari in gyara tukuna, in ya so in bari da kaina."

Baba ya fito da dabara. Sai in juya baya, shi ya loda mini bindigar, ya cakuɗa harsasai na gaske da na wasa marasa albarushi, ban san wanne ke tafe ba. Na farko ya tashi. Na biyu na ja, ƙas, babu ƙara, babu hayaƙi, amma ga ni na runtse ido gam, na ture bindigar har bakinta ya kusa taɓa ƙasa. Kunya ta kama ni.

"To, wa ya motsa ta?" in ji Baba. "Shwaiya shwaiya, a hankali. Sake."

Wata uku muna wannan. A gida in na dawo daga aiki sai in kwanta a falo da sandar goge ƙasa, ina saitin makunnin fitila ina koyon riƙe numfashi, mijina yana tsallake ni ya wuce kicin yana cewa Allah ya ba sojanmu nasara. Akwai ranakun da na zauna a mota a bakin kulob ina jin kamar in juya. Ban juya ba.

Ranar da abin ya warware babu kowa sai ni da Baba. Na ja kunama a kan na wasa, ƙas, idona a buɗe, allo bai gusa daga saitina ba. Na ci gaba da kwanciya ina ƙirga talatin kamar yadda ya koya mini, ko da harsashi ne ya makara, sannan na buɗe. Bai yabe ni ba. Ya dai miƙo mini akwatin harsasai ya ce daga yau in riƙa loda wa kaina.

Na yi shekara guda bayan nan ina zuwa, sannan na bari da na samu ciki. Har yau abin da ya fi tsaya mini shi ne rantsuwar da na yi wa Baba, don da gaske nake lokacin, ban san ina rufe idon ba. Shi ya sa yanzu in wanda ke tsaye a bayana ya ce ga abin da nake yi, nakan tsaya in sake dubawa kafin in ce a'a.