Gilashin da Kika Manna a Ɗakin Inna

Daga Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, ina kan keken ɗinki 'yarki ta kira ni ta ce Allah Ya karɓi ranki a asibiti, bayan ciwon da kika yi ta ɓoye mana har ya kwantar da ke. Na ce mata to, na ajiye wayar, na ci gaba da haɗa hannun rigar da ke gabana, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Sai daga baya na ga a baibai na ɗinka shi.

Abokan aikinki za su yi rubutu a kan karatunki da wuraren tarihin da kika ceto. Ni tela ce, ban ma san sunan fannin da kika karanta ba. A layinmu Likitar Dutse ake ce miki, kuma da wannan sunan na ajiye lambarki a wayata. Abin da kika yi a gidanmu shi na sani, shi kuma zan faɗa.

Gidanmu a manne yake da tsohuwar katangar dutse ta gari, wadda baƙi ke tsayawa daga waje suna ɗaukar hotonta. Kakanmu da ya zo gini ya tarar da bango a tsaye, ya ga ya samu banza, sai ya gina uku ya ari na huɗu. Don haka bangon ƙuryar ɗakin Inna, mahaifiyata, shi ne katangar kanta. Daga baya doka ta zo ta ce katangar kayan tarihi ce, ba a fasa ta, ba a shafe ta, ko ƙusa ba a kafa mata. Muka wayi gari ba mu da ikon gyara ɗakinmu, ba mai sayen gidan da ba zai iya taɓa bangonsa ba, mu kuma ba mu da wani wurin zuwa. Gaba kura baya sayaki, haka muka zauna shekara da shekaru, dutsen yana ta zubo mana da gari a kan shimfiɗa.

Ranar da kika fara zuwa ban yi murna da ganinki ba. Na saba da ma'aikatan da ke tsayawa a tsakar gida su nuna bango da yatsa, su karanta mana abin da aka hana, su tafi. Ke kuwa kika cire takalmi da hular kwano, kika durƙusa kika gaida Inna, sannan kika nemi izininta kika kutsa ƙarƙashin gadonta da ɗan guduma. Kika bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya kina ƙwanƙwasawa, kunnenki a jikinsu, kina ware mai ƙarar lafiya da wanda cikinsa ya rube. Da kika fito, kika dangwali farin garin nan da yatsa kika ɗora a harshe. Inna ta dube ki daga kwance ta ce, "Yau ga likitar da ke lasar majinyacinta." Kika yi dariya har da riƙe ciki, tun daga ranar kuma jininku ya haɗu.

Ke kika fara gaya mana abin da ke cin bangon. Kika ce gishiri ne. Ruwan ƙasa da na wankinmu yana hawa cikin dutsen ɗauke da shi, ruwan ya bushe ya tafi, gishirin ya zauna a 'yan ƙofofin dutsen yana girma har ya farfasa shi ta ciki. Na'urarki ta auna danshi kuma ta tona asirin Yaya, wana, wanda magini ne. Ya taɓa lallaɓawa ya shafa siminti a gindin bangon don tausayin Inna, ashe toshe wa ruwan hanyar fita ya yi, ruwan ya ƙara hawa sama. Da kin kai ƙararsa da ya kwana a hannu. Maimakon haka kika miƙa masa kurfi, ƙarfen sassaƙa, kika ce ya ɓanɓare da hannunsa a hankali, kika koya masa haɗin farar ƙasa da yashi, wanda ke riƙe dutse amma yana barin danshi ya fita. Ya yi ta gunaguni wai tun kafin a yaye ki yake gini. Yanzu ko bangon wani ya gani da siminti a kan tsohon dutse sai ya tsaya ya yi musu wa'azi, kamar shi ya gano abin.

Kika sa aka karkatar da magudanar wankinmu nesa da katangar. Kika riƙa zuwa da bokitin jiƙaƙƙiyar takarda da aka kirɓa da yumɓu, ki manna a bangon, ki bar ta ta bushe ta tsotso gishirin, ki ɓare, ki sake manna sabuwa. Inna ta ce kin mayar mata da ɗaki wurin ɗorin karaya. Amma garin ya daina zuba a kan matashinta, tarin da take yi da safe ya ragu. Kina wannan aiki kina yanke mata farce, kina sauraron labaran da mu 'ya'yanta muka gaji da ji. Ni ma kika riƙa kawo mini ɗinkin rigunan aikinki masu manyan aljihu, ko da yake na san kina da tela a unguwarku. Ba zan ce ba ki da aibi ba. Kina da taurin kai, harshenki yana da kaifi in an taɓa miki dutse da ƙarfe, kuma ba ki taɓa zuwa a lokacin da kika ce za ki zo ba.

Abin da takardarki da yumɓunki ba su iya warkarwa ba shi ne wata tsaga da ke jikin bangon. Ta taso daga kusurwar rufi ta gangaro ta bayan gadon Inna, daidai inda kanta yake. Inna kuwa tun da ɓarin jikinta ya shanye ta rantse ba za ta bar ɗakin ba. A nan ta haife mu, a nan mahaifinmu ya cika, ta ce daga nan za a fitar da ita. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, mun turo mata ƙannenta, duk a banza. In an matsa mata sai ta juya fuska ga bangon ta daina cin abinci. Ni kuma ba zan bar ta ita kaɗai ba, sai na shimfiɗa katifata a gefenta. Bangon ya riƙe Inna, Inna ta riƙe ni.

Ke ba ki lallashe ta ba. Kika zo da wani siririn gilashi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, kika manna shi a gicciye bisa tsagar, baki ɗaya a wannan dutse, ɗayan a wancan. Kika kama hannunta mai lafiya kika ɗora a kai, kika ce mata dutse yana tafiya a hankali yadda ido ba ya gani, amma gilashi ba ya miƙewa, in bangon ya motsa dole ya karye. Inna ta ce, "To, 'yata, mu yi ciniki. Ranar da gilashinki ya karye na fita. Kafin nan kada wanda ya sake damuna." Kika amsa. Da kika fito tsakar gida kika riƙe kafaɗata kika ce, "In ya karye ki fitar da kowa, sannan ki kira ni. Kada ki kira ni kafin ki fitar da su."

Kin san maganin tsagar. Tokare bangon za a yi da ƙarfe, a ɗura masa farar ƙasa ta ciki. Amma dokar da ta ɗaure mu ita ta ɗaure ki, ba ki da ikon kafa ko sanda ɗaya sai da izini, izinin kuma yana yawo daga ofis zuwa ofis, kina bin sa a ƙafa. Wata rana kika dawo daga can kika zauna a kan bencin shagona, kika ce mini ke ma a ɗaure kike kamar mu, bambancin kawai ke kina komawa gida ki kwana. Ban taɓa ganin kin karaya ba sai ranar. Na ba ki ruwa, kika sha, kika tashi kika shiga duba gilashinki.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, gilashin yana nan lafiya lau, Inna tana yi mana kallon wanda ya ci gardama. Yaya ya gaji. A gabanki ya ce, rabi wasa rabi gaske, me zai hana a ɗan taɓa gilashin da bayan cokali, tsohuwa ta cika alkawari, kowa ya huta. Fuskarki ta canza. Kika ce masa gilashin da cokali ya karya bakunansa biyu a daidai suke zama, wanda bango ya karya kuwa ɗaya yana goce wa ɗaya, kuma kin riga kin nuna wa Inna haka da hannunta. Kika ƙara da cewa ko da ba za ta gane ba, awon da aka sa ya yi ƙarya sau ɗaya ya tashi daga aiki, kuma ba za ki yaudari matar da ta kira ki 'yarta ba. Ranar na ji haushinki ƙwarai, don a ganina kin zaɓi gaskiyar gilashi kin bar mu a ƙarƙashin dutse.

Zuwanki na ƙarshe kin rame, rigar da na ɗinka miki tana yi miki yawa. Ba ki iya durƙusawa ba, sai kika zauna a kujera kika ce ni in leƙa in gaya miki abin da na gani. Na ce yana nan. Kika ce izinin ya kusa fitowa, hannu ɗaya ya rage a sa. Na tambaye ki jikinki, kika ce gajiya ce. Inna ta bi ki da kallo har kika fita, sannan ta ce mini wannan ba gajiya ba ce.

A makon da ya biyo bayan jana'izarki aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe na shiga shara, na janye labulen da ke bayan gadon kamar yadda na saba, na ga gilashin ya rabu biyu. Na kira Yaya, muka tsaya a kan Inna na gaya mata. Ta yi wa Yaya kallo mai tsawo, ta ce a ɗaga ta. Muka tallabe ta, ta kai hannunta mai lafiya ta shafa wurin, yatsanta ya tsaya a inda baki ɗaya ya goce wa ɗaya.

"Wannan ba aikin cokali ba ne," in ji ta.

Ta daɗe tana kallon bangon, hawaye na bin gefen fuskarta da ba ya motsi. Sannan ta ce, "Da tana nan da na yi mata gardama. Yanzu wa zan yi wa? Alkawari kaya ne. Ku ɗauke ni."

Yaya ya goya ta, ni na kwaso matashinta da carbinta. Abin da muka kasa da lallashi da faɗa, kin yi shi kina kwance a kabarinki, kuma kin yi shi ne da abin da na ji haushinki a kansa. Da an taɓa gilashin nan da cokali a wancan lokaci, da ranar ba za ta yarda da yatsanta ba.

Yanzu Inna tana kwance a shagona, tsakanin keken ɗinki da tarin yaduka, masu kawo ɗinki suna gaishe ta ta saman kaina. Ɗakinta a kulle yake. Bangon yana nan a tsaye da tsagarsa, ba mu da ikon taɓa shi, izinin bai fito ba, ban kuma san wanda zai bi shi a ƙafa ba bayanki. Ba mu fita daga ɗaurin ba, Likita, amma ba mai kwana a ƙarƙashin dutsen.

Rabin umarninki na farko na cika shi yadda kika ce. Da na gama kwantar da Inna, na fita tsakar gida na ciro wayata na danna sunanki, wallahi ban tuna ba sai da ta fara ƙara. 'Yarki ce ta ɗauka. Na ce mata gilashin ya karye, kuma na fitar da kowa. Ta ce, "Anti, har a gadon asibiti tana tambaya ko kin kira."

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata miki makwancinki fiye da yadda kika so ki yalwata mana namu. Ya sa wahalar da kika sha a kan dutse da a kan mutanen da ke jikinsa ta zama nauyi a mizaninki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'yarki, da 'yan'uwanki, da abokan aikinki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Inna ta ce in gaya muku ita ma a yi mata ta'aziyya, don 'yarta ce ta rasu. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.